FAIFAN FARKO: TARIHIN ƘUNGIYOYIN MAKAƊA DAGA FUNTUA ZUWA KADUNA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar rubutunsa na farko ya kai maɗaba'a ya san irin zullumin da ke tattare da wannan rana. To, makaɗa ma suna da irin tasu ranar, wato ranar da za su shiga ɗakin ɗaukar murya a karo na farko, a rufe ƙofa, a ce kowa ya yi tsit sai an ɗaga masa hannu. Abin da suka kaɗa a wannan zama shi zai zauna a kan faifai, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, domin faifai kamar magana yake, zarar bunu ce.

Turawa suna ba wannan faifai na farko muhimmanci ƙwarai. Alal misali, a watan Satumba na 2004 wasu matasa a birnin Montreal na ƙasar Kanada, masu kiran kansu Arcade Fire, suka fitar da faifansu na farko mai suna Funeral, wato jana'iza. Sun sa masa wannan suna ne saboda wasu daga cikinsu sun yi rashin 'yan'uwa a lokacin da ake aikin. Kiɗansu na rok ne, amma ba su tsaya ga jita da ganguna ba, sai da suka haɗa da gogen Turawa da akodiyon da ƙaho da fiyano, har ƙungiyar ta zama tamkar ƙaramin taron makaɗan fada. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a Amurka, Merge Records, shi ya buga faifan. A yau duk mai son sanin wanda ya kaɗa goge a waƙa ta kaza, ko ɗakin da aka ɗauki muryar, zai samu a rubuce.

Wannan shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi namu gida. A wannan maƙala za mu duba hanyar da ƙungiyoyin makaɗa suka bi kafin kiɗansu ya hau faifai, tun daga ƙasar noma ta Funtua da Malumfashi, inda Mamman Shata da Barmani Choge suka yi zamaninsu, har zuwa Kaduna, inda Bala Miller ya tara matasa ya kafa babbar ƙungiyar kiɗan zamani mai waƙa da Hausa.

Ƙasar Auduga Da Makaɗanta

Makaɗi ba ya zama inda babu mai kyauta, saboda haka tarihin kiɗa a wannan yanki ba ya rabuwa da tarihin auduga. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, wato BCGA, a birnin Manchester, don sama wa masaƙun can auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Ƙasar kudancin Katsina ta dace da abin da suke nema, ga ƙasa mai ƙarfi, ga ruwan sama da ya fi na arewacin lardin. Aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, aka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, sannan a ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtua da Gusau, ta tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929.

Da zuwan jirgi sai Funtua ta tashi daga ƙaramin gari a ƙasar Maska ta zama matattarar baƙi. Ga leburori, ga malaman awo a fuloti, ga 'yan baranda, ga direbobi da 'yan kamasho, ga mahauta da masu tuwo-tuwo. Idan kaka ta yi, manomi ya kai audugarsa fuloti ya karɓi kuɗi a hannu, sai a shiga bukukuwan aure da dambe da kokawa da wasan kalankuwa. Lokacin nan ne kasuwar makaɗa ke buɗewa.

Kiɗan kuwa tun asali na ƙungiya ne. A gonakin Malumfashi da Ƙafur da Bakori, idan an kira gayya, masu gangar noma ke bin bayan manoma suna zuga su kunya bayan kunya. A kasuwa kalangu na mahauta ne, da dare kuma ya koma dandali ya zama na 'yan mata. Ko ƙungiyar kalangu kaɗai idan mutum ya natsu ya saurara, zai ji murya fiye da ɗaya: akwai babban kalangu mai magana, wanda makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata don sauya sauti, akwai ɗan karɓi mai amsa masa, akwai kuntuku mai riƙe da awon kiɗan. Bayan waɗannan ga mawaƙi, ga 'yan amshi, ga sanƙira mai shelar kyauta da kirarin masu bayarwa. Kowa da gurbinsa, kuma idan ɗaya ya kuskure, kowa sai ya ji a jikinsa. Yaro yakan fara ne da ɗaukar kaya, daga nan a ba shi kuntuku, sai ya shekara da shekaru kafin a yarda ya rataya babban kalangu. Ashe ke nan abin da ya burge duniya game da matasan Montreal, wato tara kayan kiɗa iri-iri su yi magana da baki ɗaya, tsohon abu ne a dandalin ƙauyukanmu.

Zuwan Garmaho Da Rediyo Da Kaset

A 1877 Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka, bayan shekara 10 kuma Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. Hausa ba ta makara ba wajen hawa wannan faifai. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a birnin Landan don sayarwa a nan gida, kuma Hausa na cikin harsunan da aka ɗauka, tare da Yarabanci da Fanti da Wolof da wasunsu. Daga baya kamfanoni irin su Decca da Philips da EMI suka kafa rassa a Afirka ta Yamma, sai dai ɗakunan ɗaukar muryarsu a bakin teku suke, a Ikko da Ankara, nesa da makaɗin Funtua.

Ban da nisa, akwai matsalar lokaci. Tsohon faifan garmaho, mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska. To, ina mawaƙin Hausa da zai gama ko da share fage da gaida uban biki a minti 3? Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar kimanin minti 20 a fuska ɗaya, wanda shi ne ya ba waƙa irin tamu sararin miƙe ƙafa.

Abin da ya fi kusanto da na'ura ga makaɗan Arewa shi ne rediyo. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Nan da nan ya zama makaɗi ba sai ya je Ikko ba, ya hau mota ko jirgi ya sauka Kaduna, a ɗauki waƙarsa a kan zare, gobe a ji ta daga Sakkwato har Maiduguri, har ma a Maraɗi da Damagaram. Ga makaɗan Hausa da yawa, wannan zaren na gidan rediyo shi ne ainihin faifansu na farko.

Sai kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma bazu a ƙasar nan a shekarun 1970. Wannan ya zo daidai da wani sabon babi a noman yankin, domin a 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara. Manomin da ya sayar da masara da auduga ya sami rarar sayen keke ko babur, da kuma rediyo mai kaset. Daga nan waƙa ta shiga shagon tela da teburin mai shayi da motar haya, har da tsakar gida.

Shata: Na'ura Ta Tarar Da Gwani

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa a 1923. Ya yi tallan goro da alewa yana yaro, kuma a wajen talla da dandali ya fara waƙa, duk da cewa gidansu ba gidan roƙo ba ne, mahaifinsa kuma bai so ba. Daga baya ya koma Bakori bisa gayyatar ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa a can. Mai karatu zai lura cewa ko a nan ma auduga ce ta ja makaɗi zuwa kudu. A 1952 sunansa ya fito sosai a bikin 'yan sarki da aka yi a Kano, a 1960 kuma ya tare a Funtua, garin da ya zama gidansa har sunansa ya haɗu da nasa.

Mu yi ɗan lissafi. Lokacin da aka buɗe rediyon Kaduna a 1962, Shata yana da shekara 39, ya kuma shafe fiye da shekara 20 yana waƙa a gaban jama'a. Ke nan na'urar gidan rediyo ta tarar da ƙungiyar da ta riga ta nuna, wadda aka gwada a gidajen biki da filayen wasa sau ba adadi. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take, ba tare da zama a yi bita ba. Sirrin wannan baiwa yana da alaƙa da tsarin ƙungiyarsa. Shi zai yanka amshi gajere, 'yan amshi su riƙe shi suna maimaitawa, makaɗan kalangu su kafa masa turke, shi kuwa a ɗan tsakanin nan yake saƙa ɗiyan da zai biyo baya. Da 'yan amshi za su yi jinkiri ko makaɗi ya saki awo, da zaren tunanin ya tsinke. Don haka duk waƙar Shata da muke ji, har da Bakandamiya, aikin mutane da dama ne, ko da yake sunan mutum ɗaya muke ambata.

Ta fuskar tarihi Shata ya yi sa'a. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999 a Kano, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. A 2006 kuma Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Makaɗa nawa ne a ƙasar Hausa suka sami irin wannan gata?

Barmani: Ƙungiyar Ƙwarya

Funtua ba ta tsaya ga kalangu ba. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, haifaffiyar Gwaigwaye a kusa da Funtua, ita ce ta fito da kiɗan amada daga tsakar gida ta kai shi fagen duniya, bayan Uwaliya Mai Amada ta Kano ta share hanya. Kayan kiɗanta kayan ɗakin mace ne: ƙore manya da ƙanana a kife, wata a ƙasa, wata a kan ruwa a cikin masaki, ana kaɗa su da 'yan sanduna. Girman ƙwarya da yawan iskar da aka bari a ƙarƙashinta su ke sauya sauti, ta yadda mata huɗu ko biyar za su zauna kowace da muryar ƙwaryarta, su haɗu su ba da kiɗa guda.

Ita ma, kamar Shata, gidajen suna da na biki ne makarantarta. Ta yi waƙa a kan kishi da haihuwa da zaman aure, ta kuma matsa wa mata su kama sana'a, da harshen da mata ke magana da shi idan babu maza a wurin. A nan ne amfanin kaset ya fito fili. Kiɗan da a da ba ya wuce katangar gidan biki, sai ga shi matar da ke kulle a Malumfashi ko Ɗanja tana saurare tana daka. Barmani ta rasu a 2013. Matan da suka zauna a bayanta shekara da shekaru suna kaɗa ƙwarya suna amshi, muryoyinsu na nan a kaset, amma ba kasafai ake jin an ambaci sunayensu ba.

Bala Miller Da Matasansa

Hanya ta uku ta bambanta da waɗannan biyu, kuma ita ce ta fi kama da ta matasan Montreal. An haifi Bala Miller a Pankshin a 1928, ɗa ne ga wani limamin coci ɗan asalin Zariya. Ya yi karatu a makarantar CMS ta Ikko, a can kuma ya shiga cikin makaɗan hailaif, ya yi hulɗa da irin su Victor Olaiya. Ya yi aikin kamfani shekaru da dama, amma bai rabu da kiɗa ba. A 1973, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano.

A farkon 1977 aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a Ikko, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Bala Miller na cikin waɗanda suka yi aikin shirya kiɗa a bikin. Da aka watse, sai ya yi abin da makaɗin kalangu ba zai taɓa tunaninsa ba, ya ba da sanarwa cewa yana neman masu sha'awar kiɗa. Da waɗanda suka amsa kira ya kafa ƙungiyar da ya kira Great Music Pirameeds of Afrika, sunan da ke tuna wa duk ɗan Arewa dalar gyaɗa ta Kano. Sun fara da mutum 12, daga baya suka kai 28, da masu ƙaho da masu jita da masu ganguna da mawaƙa.

Bambancin a fili yake. A gidan kalangu gado da bauta wa maigida ke shigar da yaro ƙungiya, a nan kuwa sanarwa ce da gwaji. Shata yana ƙirƙira a fage, amma mutum 28 ba za su iya haka ba, dole a tsara wa kowa inda zai shigo da inda zai yi shiru, a yi ta bita har ya zauna. A 1979, shekara biyu da kafuwar ƙungiyar, suka fitar da faifai mai suna Pyramids, wanda ke ɗauke da waƙar Ikon Allah. Abin da ya sa faifan ya yi fice shi ne jin Hausa tsantsa a kan kiɗan hailaif da ƙahonin Turawa, a lokacin da aka ɗauka irin wannan kiɗa na mutanen kudu ne kawai. A shekarun 1980 kuma shirinsa na talabijin, Bala Miller Show, ya shigar da ƙungiyar gidajen jama'a a faɗin ƙasar nan.

Bala Miller ya rasu a 2003. Bayan shekara 5, wato a 2008, kamfanin Strut na Landan ya sa Ikon Allah a cikin wani tarin tsofaffin waƙoƙin Nijeriya mai suna Nigeria 70: Lagos Jump. Abin lura a nan shi ne, waƙar Hausa da aka yi a Arewa ta koma duniya a ƙarƙashin sunan Ikko, kuma baƙi ne suka tono ta. Wanda bai adana kayansa ba, ai ba ya ƙorafi idan wani ya sa musu suna.

Zamanin Fiyano

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. Finafinan nan suna bukatar waƙa da yawa, cikin sauri, kuma da araha. Fiyanon Yamaha ya biya wannan bukata, domin mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki zai fitar da sautin ganga da sarewa da goge, ba tare da ya ciyar da kowa ko ya ɗauki hayar mota ba. Daga baya kwamfuta ta ƙara sauƙaƙa aikin. Yankin Funtua bai daina fitar da mawaƙa ba, ga misalin Dauda Kahutu Rarara na ƙasar Ɗanja, wanda waƙoƙinsa na siyasa suka game ƙasa a zaɓen 2015. Sai dai matashin yau yakan fara da ɗakin ɗaukar murya ne, sannan ya nemi fage, akasin su Shata da Barmani waɗanda suka fara da fage.

Wannan sauyi yana da alherinsa. Yaron da ba shi da gado, ba shi da ubangida, yana iya fitar da waƙarsa duniya ta ji. Amma akwai abin da aka biya. Idan babu mai ɗaukar makaɗin kuntuku aiki, babu yaron da zai koya, idan kuwa babu mai koyo, ilmin haɗa hannu biyar su zama kiɗa ɗaya zai bi masu shi kabari.

Kammalawa

Mun ga hanyoyi uku: ta kalangu, wadda auduga da jirgin ƙasa suka raya, ta ƙwarya, wadda kaset ya fitar daga tsakar gida, da ta ƙaho da jita, wadda aka gina da sanarwa da bita. Dukkansu aikin taro ne, kuma a dukkansu sunan shugaba ne galibi ke kan bangon faifai, saura a dunƙule su a ce "da ƙungiyarsa". Kaset ɗin kasuwa ma ya fi muni, domin mai shago ne ke kwafa ya rubuta suna da biro, ba shekara, ba wuri. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da laima da ƙura, kullum lalacewa yake.

Tun a 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa bayan sun zauna da makaɗa a Zariya da Katsina. Marubutan Shata Ikon Allah kuma sun nuna cewa 'yan gida za su iya yin abin da ya fi haka. Saura da me? A Funtua da Bakori da Malumfashi da Kaduna akwai dattawa maza da mata da suka yi amshi, ko suka kaɗa kalangu da ƙwarya, ko suka busa ƙaho a waɗannan ƙungiyoyi, akwai kuma 'ya'yansu da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai da hotuna a ƙasan akwati. Marubucin da ke neman abin rubutawa ya ɗauki littafi da biro ya je ya gaishe su. Ya tambayi yaushe aka fara ɗaukar muryarsu, a wane gari, su wa ke wurin, wa ya kaɗa me, nawa aka biya, yaya aka raba. Ya rubuta sunan kowa cikakke, da garinsu, da shekarar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma waɗannan dattawa ba za su jira mu ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.